Rawar fitila da atin na ƙaramin akwatin wuta a keɓaɓɓen gini

Ƙaramin akwatin wuta shi ne akwatin birekoki na biyu da ake kafawa a ginin da yake ware da babban gida, irin su gareji, shagon kafinta, sito ko garken shanu, wanda yake shan wuta daga babban akwatin gidan ta waya mai kauri da aka binne ko aka rataya a fol. Masu wayarin ɗinmu da DB suka san irinsa. Rawar fitila kuwa ita ce hasken ƙwai ya riƙa ƙiftawa, ko ya dushe ya dawo. Rawar fitila da atin, wato haɗa wayarin da jikin kayan wuta da ƙasa, a Amurka sau da yawa tare ake maganarsu, don da fitila ta soma rawa a gareji abin da ke fara zuwa ran mai gida shi ne atin ne bai yi ba, sai ya je ya ƙara buga rodi a ƙasa, alhali galibi ciwon yana jikin wayar nutural ne.

Asalin tsarin waya uku

Tun zamanin Thomas Edison abin ya faro. Jan ƙarfe na da tsada, sai ya fito da dabarar layi biyu masu wuta da waya ɗaya a tsakiya da suke tarayya a kanta, ita ce nutural, kuma ana cewa garin Sunbury na jihar Pennsylvania ne aka fara haskawa da wannan tsari wajen 1883. John Hopkinson a Ingila shi ma ya yi rajistar irin dabarar kusan lokaci ɗaya. Da wuta mai kai-komo (AC) ta ture ta Edison mai bin hanya ɗaya (DC) sai aka bar fasalin yadda yake, taransifomar kan fol tana fito da waya uku, tsakanin kowane layi da nutural bolt 120, tsakanin layi da layi bolt 240.

Dokar wayarin ta Amurka, NEC, ta fara fitowa a 1897, ƙungiyar kare gobara ta NFPA ke riƙe da ita tun 1911, yanzu duk shekara uku ake sabunta ta. Wajen tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki a Amurka, sai bayan dokar kai wuta karkara ta 1936 aka shiga ja wa garke da rumbu da ɗakin famfo wuta, kuma da waya uku aka ja musu, a can sai a haɗe nutural da jikin akwatin a buga rodi shi ke nan. Doka ta daɗe tana yarda da haka muddin babu wani ƙarfe, kamar bututun ruwa, da ya haɗa gine-ginen biyu. To amma bayan shekaru wani zai zo ya ja bututu ko wayar talabijin bai san da sharaɗin ba, wutar da ya kamata ta koma ta nutural kaɗai sai ta raba hanya ta bi bututun. Bugun NEC na 2008 ne ya rufe ƙofar ga sabon aiki, tsofaffin da suka cika sharaɗin aka bar su.

Yadda ake so a haɗa yanzu

Sashe na 250.32 na NEC ne ke magana a kai. Waya huɗu ake ja, layi biyu, nutural fara, da wayar atin kore ko tsirara. Wuri ɗaya tak nutural da atin ke haɗuwa, wato inda wuta ta shigo gida daga mita. A ƙaramin akwati kowacce da sandarta, ta nutural ba ta taɓa jikin akwatin, ta atin kuma ɗaure take da shi. Akwai wani koren sukuru da ke zuwa tare da sabon akwati, a babban akwati ake ɗaura shi, a ƙarami cire shi ake yi, kuma mantawa da shi na cikin kurakuran da aka fi samu. In aka bar shi, wani kaso na wutar da ke komawa zai riƙa bin wayar atin da bututun waya da jikin injina dare da rana.

Duk da waya ta huɗun, wato wayar atin, sai an yi wa ginin nasa atin na ƙasa. Rodi mai tsawon ƙafa 8, kusan mita 2.4, a buga shi duka, in ba a gwada an ga turjiyarsa ga wucewar wuta zuwa ƙasa ba ta wuce om 25 ba sai a ƙara na biyu nesa da na farko da aƙalla ƙafa 6. Ginin da layi ɗaya kacal ya je masa tare da wayar atin ba a tilasta masa rodi. Ana kuma son makashi a ginin da zai ɗauke wutarsa gaba ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne aikin rodi daban, aikin waya ta huɗu daban. Rodi na tsawa ne da tashin bolt daga waje. In layi mai bolt 120 ya taɓa jikin inji kuma rodi mai om 25 ne kaɗai hanyar komawa, amfiya 4.8 ce za ta wuce, bireka mai 15 ko 20 ko gezau ba zai yi ba, jikin injin na nan da wuta yana jiran wanda zai dafa. Wayar atin da ta koma har babban akwati ita ke ba wutar hanya mai faɗi ta yi yawa bireka ya faɗi nan take.

Atin na cikin kankare

Wannan yana da nasa tarihin. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojan Amurka na da rumbunan bama-bamai a busasshiyar ƙasar Arizona inda rodi ba ya kamawa sai an zurfafa ƙwarai, wani injiniya Herbert Ufer, wajen 1942, ya lura kankare na riƙe danshi kuma yana ɗaukar wuta fiye da ƙasar wurin, sai ya haɗa atin da ƙarfen cikin fandisho. NEC ta karɓi dabarar a 1968. Abin da ake nema ƙafa 20 na rodin gini ko na wayar jan ƙarfe tsirara a cikin kankaren da ke zaune kan ƙasa, kuma har yau da sunan Ufer masu aiki ke kiransa.

Me ke sa fitila rawa

Mafi haɗari shi ne nutural ta saki, ko a sukuru, ko a mahaɗar da ke binne da ruwa ya ci, ko can a fol. Alamarta ba ta ɓuya, wasu fitilu na dushewa wasu kuma na ƙara haske a lokaci guda, musamman in an kunna wani abu mai ja. Dalili kuwa in nutural ta yanke kayan layin nan da na wancan sun zama jere ɗaya a kan bolt 240. A ce hita mai wat 1500 na layi ɗaya, ƙwai mai wat 100 na ɗayan, ƙwan zai sha kusan bolt 225 hitar ta tashi da 15, ƙwan ya ƙone, caja da rediyo su bi shi, wani lokaci har gobara. Wanda ya ga haka ya kashe makashin ginin ya kira mai gyara, ba abin da za a bari sai gobe ba ne. A Najeriya ma ana ganin ɗan'uwan wannan in nutural ta yanke a taransifoma, gidan da ya saba da 230 sai ya ga wuta ta doshi 400.

In kuwa duk fitilun tare suke dushewa na ɗan lokaci sannan su dawo, to faɗuwar bolt ce. Injin kwampireso ko famfon rijiya kan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da ya saba a daƙiƙar tashi, in wayar siririya ce ga nisa dole haske ya nuna, injin walda ma haka. NEC na ba da shawarar kada faɗuwar ta wuce kashi 5 cikin ɗari gaba ɗaya, shawara ce dai ba tilas ba. Maganinta waya mai kauri.

Wayar alminiyom, wadda ake yawan ja zuwa irin ginin nan don arha, tana yin tsatsa marar ɗaukar wuta a bakin sukuru kuma tana saki da zafi da sanyi. Ƙwai ɗaya kaɗai ke rawa, a duba mazauninsa ko makunninsa. Ƙwan LED da tsohon makunni mai rage haske ba sa shiri.

Bincike

Mai gyara kan fara da tambaya, ginin kaɗai ne ko har gidan? In har gidan ne, laifin na babban akwati ne ko na kamfanin wuta. Sai ya auna kowane layi da nutural a ƙaramin akwati, ya kunna abu mai ja a layi ɗaya yana kallon mita. Ɗaya ya sauka ɗaya ya hau, nutural ce. Ya maƙala mita mai baki, wadda ke rungumar waya ta auna amfiya, a wayar atin, in tana ɗauke da amfiya alhali komai lafiya to an haɗe ta da nutural a wani wuri. Bayan an kashe wuta daga gida an tabbatar ta mutu sai a nemi baƙin ƙuna da roba da ta narke, a ɗaure kowane sukuru gwargwadon ƙarfin da kamfanin da ya ƙera akwatin ya rubuta.

Garken shanu

Saniya na tsaye da kofato a jiƙaƙƙen daɓe bakinta a kwamin ƙarfe, bolt ɗaya ko biyu da suka ɓata hanya suka bi ƙarfen, waɗanda mutum mai takalmi ba zai ji ba, ita tana ji, sai ta riƙa ƙin ruwa ko ƙin shiga wurin tatsa. Jihar Wisconsin ta Amurka ta sa miliamfiya 2, wato kashi biyu cikin dubu na amfiya, a matsayin inda za a fara damuwa. Sashe na 547 na NEC na neman a shimfiɗa ragar ƙarfe cikin daɓen a haɗa ta da atin. Yawan nonon da abin ke ragewa manoma da kamfanonin wuta sun sha zuwa kotu a kai.