Shin sai ilhama ta sauko ake fara rubuta littafi?

An daɗe ana faɗa a majalisun Hausawanmu na Makka da Jidda cewa marubucin ƙagaggen labari ba ya ɗaukar biro sai ilhama ta sauko masa. Ba a ga laifin mai faɗin haka ba, tunda kammalallen littafi kawai yake gani, bai ga tarin takardun da aka yayyaga ba.

Abin da masu rubutu suka sani shi ne, tunani yakan zo ne bayan hannu ya fara aiki. Shi kuwa jan ƙafar nan na "sai gobe", "bari a gama aikin Hajji", sau da yawa tsoro ne kada shafin farko ya fito ba daɗi. Alhali shafin farkon ma shi aka fi sakewa daga baya.

Ana iya gwadawa. Mako guda, bayan sallar Asuba, kafin shayi ya huce, a rubuta kalma 200 ba tare da an goge ko ɗaya ba. Idan mabuɗin labarin ya ƙi, a faro daga tsakiya, wurin da rigimar ta ɓarke. Kalma 200 kullum, cikin kwana 100 an tara 20,000.

Don Allah a tura wa mai labari a ka wanda ya kasa farawa.