Yaron da ya amsa laifin da bai aikata ba

A 2019 aka saki fim mai dogon zango When They See Us, labarin yara biyar da aka ɗaure a New York kan fyaɗen da aka yi a 1989, alhali ba su ji ba ba su gani ba. Tun daga nan ake ta ja-in-ja. Wasu na cewa irin waɗannan finafinai na zubar wa kotu mutunci, wasu na cewa ɓarna ce da aka daɗe ana rufawa suke tonawa. Amma maganar ta girmi 2019 nesa ba kusa ba.

A da, salon ɗaya ne. A shirin Perry Mason da aka fara a Amurka a 1957, za a kama mara laifi, lauya ya bankaɗo mugun, kowa ya kwana lafiya.

A ganina, abin da ya karya wannan salo ya faru ne a wasu ƙauyuka biyu na yankin Leicestershire a Ingila. An kashe wata yarinya 'yar shekara 15 a Narborough a 1983, aka kashe wata sa'arta a Enderby a 1986. Aka kama wani yaro ɗan shekara 17 mai aiki a kicin ɗin asibiti. Da aka yi masa tambayoyi, ya amsa kisa na biyu, ya musanta na farko. Masu bincike suka kai samfurin jinin yaron da na maniyyin da aka samu a jikin 'yan matan wurin Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester, wanda ya gano gwajin DNA na tantance mutum a 1984, don ya tabbatar musu yaron ne ya yi duka biyun. Sakamako ya fito: mutum ɗaya ne ya kashe su, amma ba wannan yaron ba. Aka sake shi, sai a 1987 aka cafke makashin.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, da bakinsa ya amsa. Ranar aka ga ƙarara cewa tsoro da gajiya na iya sa yaro ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Shi ya sa finafinan yanzu suka fi daɗewa a ɗakin tambayoyi fiye da zauren kotu: kujera, tebur, yaro ba lauya, ga mutanen gari suna jiran a nuna musu wanda aka kama.

Yaran New York ɗin ma da kalaman bakinsu aka ɗaure su. Sai a 2002 aka wanke su, bayan wani mutum ya fito ya amsa laifin, gwajin DNA kuma ya gaskata shi.