Yadda ake yin kan sarƙa da takarda: tambayoyi da amsoshi

Anya takarda za ta iya zama abin wuya da za a daɗe ana sawa?

Za ta iya, matuƙar an yi aikin yadda ya kamata. Falle ɗaya na takarda ba shi da wani ƙarfi, amma ita takarda zaruruwan tsiro ne da aka matse wuri guda, kuma idan aka jera fallaye da yawa aka haɗa su da gam, aka danne su har suka bushe, abin da zai fito yana da tauri kamar siririn katako, ana iya goge shi, a huda shi, a shafa masa fenti. Babbar falalarsa ita ce rashin nauyi, domin kan sarƙa mai faɗin santimita 5 da aka yi da takarda ba ya jan wuya kamar yadda na ƙarfe ko na dutse mai girman haka zai ja.

Sana'ar ado da takarda ma ba sabuwa ba ce. Ƙarnuka da suka wuce, mata da maza masu zaman ibada a majami'un Faransa da Italiya suna naɗe siraran takardu masu ruwan zinariya suna ƙawata kayan ibada da su, a ƙarni na 19 kuma matan Ingila sun riƙa naɗa takarda suna yin tsakiya, wato ƙwayoyin ado na abin wuya, yau kuwa an san masu sana'ar hannu na Uganda da irin wannan tsakiya da suke yi da tsofaffin mujallu.

Wace hanya ce ta fi dacewa da mai farawa?

Hanyoyin suna da yawa. Akwai naɗi, inda ake yanka takarda doguwa mai faɗi a gindi da tsini a kai, a naɗe ta a jikin tsinke ta zama tsakiya. Akwai murɗa siraran takardu masu faɗin milimita 3 ko 5 a yi da'irori da siffar ganye, a manna su gefe da gefe su ba da fure. Akwai ninki irin na Japan da ake kira origami, akwai kuma jiƙa takarda a dama ta da gam a cusa ta a mazubi.

A ganina mai farawa ya soma da hanyar jera fallaye. Kayan aikinta kaɗan ne: almakashi ko reza mai kaifi, farin gam na ruwa, burushi, samfefa da wani abu mai nauyi. Ita ce kuma ta fi jure sawa yau da gobe, saboda ba ta da ramuka da lunguna inda danshi zai maƙale. Aikin murɗi ya fi ɗaukar ido, babu musu, sai dai siraran gefunansa suna lotsewa da sauƙi, kuma rufe kowane lungu nasa da abin kariya aiki ne na wanda hannunsa ya riga ya faɗa.

Kowace takarda za ta yi?

A'a. Ana auna takarda da nauyin murabba'in mita ɗaya: ta jarida tana wajen giram 45, ta buga rubutu giram 80, mai kauri irin ta kati kuwa daga giram 200 zuwa 300. Don cikin kan sarƙa, mai kaurin ce ta dace, domin fallaye 12 nata sun isa su ba da kaurin milimita 3 ko fiye. Don fuskarsa kuwa a zaɓi duk wadda ta yi kyau a ido, ko da siririya ce.

Takardar jarida tana komawa ruwan ɗorawa idan ta sha haske, saboda wani sinadarin itace da ake kira lignin da ba a cire shi ba wajen yin ta, don haka kada a sa ta a fuska sai in ana son kamar tsufa da gangan. Hoton da aka buga da na'ura mai tawadar ruwa yana narkewa ya baje da zarar gam mai ruwa ya taɓa shi, alhali wanda aka buga da na'ura mai garin tawada ba ya yin haka. Wanda ya samu takardar washi ta Japan, wadda ake yi da ɓawon wasu itatuwa, ya samu abu mai kyau, domin zaruruwanta dogaye ne, tana ninkuwa sau da yawa ba ta yage ba.

Yaya ake jera fallayen?

Da farko a zana siffar a kan kwali a yanke ta, ta zama abin kwatance, sannan a yanka fallayen duka da ita. Ba dole ba ne su yi daidai sak, domin gugar ƙarshe za ta daidaita su. A shafa gam da burushi siriri-siriri har zuwa baki, a ɗora falle na gaba, a murza da yatsa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Gam mai yawa ba ya ƙara ƙarfi, jiƙa takardar kawai yake yi ya jinkirta bushewa. Ya fi kyau a manna fallaye uku ko huɗu, a bar su su sha iska, sannan a haɗa rukunonin.

Idan an gama, a sa shi tsakanin ledoji biyu don kada ya manne, a ɗora masa nauyi, a bar shi awa 24 aƙalla. Bayan an cire nauyin ma a ba shi wani yini a sarari, saboda cikinsa yakan riƙe laima ko da bayansa ya yi kamar ya bushe. Sai a goge gefen da samfefa mai kaushi, a bi da mai laushi har ya yi sumul. Wanda ya jera takardu masu launi dabam-dabam, a nan ne zai ga ribar wahalarsa, domin idan aka goge gefen a karkace launukan suna fitowa layi-layi, kuma sau da yawa wannan gefen ya fi fuskar kanta kyau.

Me ya sa yake lanƙwashewa bayan ya bushe?

Takarda tana kumbura idan ta jiƙe, tana kuma tsukewa idan ta bushe, kuma wadda inji ya yi zaruruwanta sun fi kwanciya ta fuska ɗaya, don haka ta fi kumbura ta gefe ɗaya. Maganin shi ne a riƙa juya fallayen, wannan a tsaye wancan a gicciye, kuma duk abin da aka shafa wa gaba a shafa wa baya.

Da me ake rufe shi don kada ruwa ya lalata shi?

Wannan mataki shi ne mafi muhimmanci, shi ne kuma aka fi yi wa gaggawa. Hanya mafi sauƙi ita ce man sheƙi na ruwa wanda ba shi da launi, a shafa shi siriri sau uku ko huɗu, ana barin kowane shafi ya bushe sarai. A fi mai da hankali ga gefe, domin ta nan zaruruwan suke buɗe, ta nan kuma zufa take shiga ta raba fallayen. Man farce marar launi yana yi don gwaji, amma yakan dushe ya tsattsage idan an daɗe.

Akwai kuma rezin, ruwan roba mai daskarewa ya zama kamar gilashi, kuma iri biyu ne. Mai kashi biyu ana gauraya shi bisa ma'aunin da aka rubuta a jikinsa, yana ɗaukar awa 24 zuwa 72 kafin ya taurare, ɗayan kuma yana daskarewa cikin mintuna a ƙarƙashin fitila ta musamman. Dole a fara rufe takardar da gam ko man sheƙi, in ba haka ba rezin zai ratsa ta ya bar mata tabo kamar na mai. A sa safar hannu, a yi aikin inda iska take shiga, domin ɗanyensa yana iya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ni dai na fi son man sheƙi, saboda yana barin takarda da kamanninta, rezin mai kauri kuwa yana ƙara nauyi ya ɓoye ta.

Ta yaya ake rataya shi a sarƙa?

A huda rami da allura mai kauri ko ƙaramin abin huji, a bar tazarar milimita 3 daga baki don kada ya ɓalle, a ɗiga man sheƙi cikin ramin da tsinke kafin a sa ƙawanya. Ita ƙawanyar ana buɗe ta ne da filaya biyu, a murɗa wannan bakin gaba, wancan bakin baya; idan aka ja ta gefe da gefe ba za ta sake rufuwa daidai ba. Mutane da yawa fatarsu ba ta jure ƙarfen nikel, saboda haka wanda zai sayar ko ya yi kyauta ya nemi ƙawanya da sarƙa waɗanda babu shi a ciki.

Za a iya wanka da shi?

Ba a so. Yana jure yayyafi da zufa, amma ba ya jure jiƙo. A cire shi kafin wanka da barci, a fesa turare ya bushe kafin a sa shi, domin sinadarin turare yana cin man sheƙi, a goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi. Idan gefen ya soma dushewa, a goge shi kaɗan da samfefa mai laushi a sake shafa masa man sheƙi sau biyu.