Waiwaye: robar jan tawada da gajiyar masu buga riguna a Maradi

A rumfunan masu buga tambari a riguna a Maradi, idan aiki ya taso gabanin zaɓe ko komawar makarantu, kukan yaran aiki da yamma ɗaya ne: wuyan hannu, kafaɗa da gadon baya. Galibi ana ɗora laifin a kan yawan rigunan. A ganina kuwa, kaso mai yawa na gajiyar daga bakin robar jan tawada yake fitowa, wato robar da ake ja a kan raga mai ɗauke da tambari don tura tawada zuwa jikin riga.

Ana danganta asalin sana'ar da ƙasar Sin, zamanin daular Song (960 zuwa 1279). Lokacin da Samuel Simon ya yi rajistar fasaharsa a Ingila a 1907, da burushi ake tura fenti ta cikin raga. Daga baya aka koma roba mai mariƙin katako. Amma robar asali tana saurin cinyewa, ruwan wanke tawada kuma yana kumbura ta, shi ya sa poliyuretan, wata roba da ake haɗawa da sinadarai, ta maye gurbinta, don ta fi riƙe kaifi. Da tawadar plastisol mai kauri ta mamaye buga riguna daga shekarun 1960, sai nauyin ya ƙara komawa kan hannun mai ja.

Da lamba ake auna taurin roba: 60 mai laushi, 70 matsakaiciya, 80 mai tauri. Mai laushi tana kwantawa idan an danna, ta zubar da tawada fiye da kima. Wannan ne ya kawo mai hawa uku, 70/90/70: tsakiya mai tauri tana hana lanƙwashewa, gefe kuma yana bin raga sumul, ba sai an danna da ƙarfi ba.

A nan Maradi akwai ƙarin matsala. Zafin Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40, yana ƙara wa roba laushi. Sai a wanke ta da fetur, a jingine ta a kan bakinta har safiya. Ɗora yatsa a irin wannan bakin, za ka ji ya zama mulmulalle. Ba ya tsinke tawada a ja ɗaya, dole yaro ya maimaita sau biyu ko uku, yana dannawa da dukan jikinsa, maigida kuma yana ganin ragwanci ne.

Ko ba a samu mai hawa uku ba, a manna sanfefa a katako miƙaƙƙe a wasa bakin robar, a goge ta da zarar an gama aiki, a ajiye ta bakin yana kallon sama. Masu tura roba gaba maimakon janyo ta kuma sun fi hutar da wuyan hannu, domin nauyin jiki ne ke yin aikin.