Motsa jinin kare da keke

Motsa jinin kare da keke shi ne mutum ya hau keke, karensa yana biye da gudu, ɗaure da igiya a gefe ko a gaba. An fi yin hakan a Turai da Arewacin Amurka, inda mutane da yawa ke kiwon karnuka a gidaje masu ƙaramin fili, kuma zagayen ƙafa da safe ba ya wadatar da irin karnukan da aka samar don farauta, kiwon tumaki ko jan kaya. Iri biyu ne. Akwai wanda kare ke sassarfa a gefen keke ba tare da ya ja komai ba, akwai kuma wanda kare ke gaba yana jan keken, wato wasan da ake kira baikijorin.

Asali

Baikijorin ya fito ne daga al'adar jan amalanken dusar ƙanƙara da karnuka a ƙasashe irin su Norwe, Suwidin, Finlan, Kanada da jihar Alaska. Idan ƙanƙara ta narke, masu karnukan kan nemi hanyar da za su ci gaba da horar da su a busasshiyar ƙasa, sai suka koma ga keke da ƙananan amalanke masu taya. Sannu a hankali horon ya zama gasa mai zaman kanta. Hukumar IFSS, wadda aka kafa a 1985 don kula da wasannin jan kaya da karnuka, tana shirya gasar duniya ta busasshiyar ƙasa, kuma baikijorin na cikinta. Tseren gajere ne, kilomitoci kaɗan a hanyar daji. Karnukan da suka yi fice a ciki su ne Alaskan Husky, Eurohound da Greyster, wanda aka samar a Norwe ta haɗa karen farauta na Jamus mai gajeren gashi da Greyhound.

Kayan aiki

Kuskuren da ya fi jefa mutane ƙasa shi ne riƙe igiya a hannu ko naɗe ta a sitiyarin keke. Kyanwa ɗaya ta gitta, kare ya fizga, sitiyarin ya juya, sai faɗuwa. Don haka aka ƙera wani ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sirdi, yana miƙewa gefe, da gajeriyar igiya a bakinsa. Yana riƙe kare nesa da taya da feda, kuma sifirin, wato ƙarfe mai talewa, da ke jikinsa yana shanye ƙarfin fizga. Fitattun samfura su ne Springer da WalkyDog. Na Springer yana da mahaɗin da ke ɓallewa da kansa idan kare ya bi ta wani gefen turke, keke kuma ya bi ta ɗayan.

A baikijorin ana amfani da igiya mai talewa, tsawonta kimanin mita 2.5 zuwa 3, da wani sanda a gaban keke da ke ɗage ta don kada ta faɗa cikin tayar gaba. A kowane iri, ba a ɗaura igiya a abin wuya, domin fizga ɗaya na iya yi wa maƙogwaro ko ƙashin wuya lahani. Ɗamarar ƙirji ake sa wa kare, wadda ke raba nauyi a ƙirji da kafaɗu. Mahayi kuwa yana buƙatar hular kwano da burki mai ci.

Wane kare ya dace

Ba kowane ba. Ƙarshen ƙasusuwan kwikwiyo na da taushi, kuma a manyan karnuka ba ya gama ƙwari sai tsakanin wata 12 zuwa 18, shi ya sa dokokin gasa da yawa ba sa karɓar karen da bai kai wata 18 ba. Karnuka masu shafaffen hanci kamar Pug da Bulldog ba su dace ba sam, domin ko a zaune numfashi na yi musu wuya. Haka ma tsoho, mai ƙiba, da mai ciwon zuciya ko na gaɓoɓi. Ya kamata likitan dabbobi ya duba kare kafin a fara.

Zafi

A nan babban haɗarin yake. Mai keke yana zaune, iska na kaɗa shi, a gangare ma ba ya taka feda, don haka jikinsa ba ya gaya masa wahalar da ake sha a ƙasa. Shi kuwa kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, kuma haki ba ya aiki sosai idan iska ta yi zafi ko laima ta yi yawa. Ƙari a kan haka, kare mai son ubangidansa zai ci gaba da bin keke ko da ƙarfinsa ya ƙare, musamman da yake a ɗaure yake. Saboda haka alhakin tsayawa duka a wuyan mahayi yake.

Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗoriya a ma'aunin Salsiyos. Idan ya kai wajen 41, ƙwaƙwalwa, ƙoda da hanta na iya lalacewa. Wani bincike na shirin VetCompass na kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa kusan kashi 74 cikin 100 na karnukan da zafi ya kayar a Birtaniya motsa jiki ne sanadi. Wannan a ƙasa mai sanyi ke nan. A garuruwa irin su Sakkwato, Kano da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ba a maganar fita da kare a keke sai da sassafe kafin rana ta ɗaga.

Alamomin a bayyane suke ga mai lura. Harshe yana zazzagowa, ya yi faɗi a ƙarshensa, ya yi ja wur. Yawu yana kauri yana danƙo. Kare yana fara ja da baya har igiya ta miƙe, yana karkata wajen inuwa, daga baya ya fara tangaɗi ko amai. Da an ga na farkon a tsaya. Idan abin ya yi nisa, shawarar likitocin dabbobi ita ce a fara sanyaya shi nan take, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki, a yi masa fifita, sannan a garzaya da shi asibiti. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, domin yana tsare zafin.

Ƙasar da ake takawa ma tana da nata. Kwalta na ƙona tafin ƙafa, kuma ko ba zafi tana cinye shi. Gwajin da aka saba shi ne a ɗora bayan hannu a kanta na ɗaƙiƙa 7. Idan mutum bai jure ba, kare ma ba zai jure ba. Hanyar ƙasa ko ciyawa ta fi, amma a duba tsakanin yatsunsa bayan an dawo, ko tsakuwa, kwalba ko ƙaya ta maƙale.

Horo

Ana farawa ne da tura keke da ƙafa, kare na gefe, har ya saba da ƙarar sarƙa da motsin taya. Daga nan a hau a yi 'yan mintuna, ana ƙarawa mako bayan mako. Saurin da ya dace shi ne wanda kare ke sassarfa, igiya na sake. Doguwar sukuwa ta karnukan gasa ce da aka daɗe ana horarwa. Ana koya masa kalmomin dama, hagu, sannu da tsaya tun a ƙasa. Ba a fita da shi da cikakken ciki, musamman karnuka masu zurfin ƙirji da tumbinsu ke iya murɗewa, kuma ruwa kaɗan-kaɗan ake ba shi a hanya.

Doka

Dokoki sun bambanta. A Jamus, sashe na 28 na dokar hanya ya hana jan dabba daga mota ko babur, amma ya yarda a ja kare daga kan keke, kuma ana ajiye shi a hannun dama, nesa da motoci. A Ostareliya kuwa, doka ta 301 ta dokokin hanya ta hana mai keke jan dabba, ko da ɗaure ta ya yi a jikin keken.