Inshorar haƙori: akwai wadda ɗan ƙauye zai iya biya kuwa?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na ba da labarin kawuna ake ta turo min tambaya kan inshora, to bari in haɗa su in amsa wuri ɗaya. Ga wanda bai ji ba, turminsa ne ya yi kogo, wani ya ce masa tsutsa ce ya ɗiga ruwan batir, kwana uku kumatu ya haye har ido ya rufe, baki baya buɗuwa, kunu ma sai da cokali ake ɗura masa, ƙarshe dai sai da aka sayar da akuyar Inna aka ɗauki shatar mota daga ƙauyenmu can bayan Gaya zuwa birni. Wallahi har yanzu abin na min ciwo.

Wai akwai inshorar haƙori ita kaɗai?

A Amurka ne zaka ga mutum ya sayi ta haƙori daban, ta sauran jiki daban. A nan da wuya ka samu haka, haƙori yana cikin inshorar lafiya ne gaba ɗaya. Saboda haka abin tambaya in kaje rajista shine, me da me kuke yi wa haƙori a ciki?

Ni manomi ne ba ma'aikacin gwamnati ba, wacce zan shiga?

Fara da ta jiharka. Kano akwai hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, Jigawa kuma JICHMA, kuma ba ta ma'aikata kaɗai bace, ɗan kasuwa da manomi ma suna shiga su biya kuɗin shekara. Ta tarayya ita ce NHIA, wadda da ake ce wa NHIS kafin Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a 2022, tana da wani tsari GIFSHIP na mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya. Sannan ga BHCPF, asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kawo, wanda dokar ta ce a ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, shi wannan na marasa ƙarfi ne, tsofaffi, masu ciki, ƙananan yara, kuma gwamnati ke biya musu. Je asibitin mazaɓarku ka tambayi incaji ko ana ɗaukar sunaye, kar ka tsaya jiran a zo har gida.

Me suke yi wa haƙorin?

Nan fa ake samun matsala. Galibi duba baki, wankin haƙori, cirewa da ciko suna ciki. Amma dasa haƙori, sa waya don gyara jeri, balle haƙorin Makka, wannan daga aljihunka ne. Kuma kar ka yarda da "eh ana yi" ta fatar baki, ka ce a nuna maka a rubuce. Wani abu kuma, ƙaramin asibitin da aka rubuta a katinka da ƙyar ne a samu likitan haƙori a ciki, takardar turawa zasu baka zuwa babban asibiti, in ka tsallake su ka tafi kai tsaye ana iya cewa ka biya da kanka. Kuɗin mota kuma naka ne, inshora bata biya. Shi yasa nake cewa ka tambayi ina ake turawa tun kafin ka sa hannu.

Haƙorin na ciwo yanzu haka, in yi rajista yau gobe a cire?

A'a ɗan'uwa. Akwai lokacin jira kafin kati ya fara aiki. Mai ciwo yanzu ya tafi asibiti kawai, kanumfari da farasitamol lafawa suke sa shi ya yi, kogon yana nan yana ci. Ni dai shawarata a yi rajistar da kaka, lokacin da aka sayar da gyaɗa ko riɗi kuɗi na hannu.

Ance inshora haram ce?

Wannan na malamai ne, ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa. Amma ka kai masa bayanin daidai, karo-karo ne ake yi a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki, shi yasa ma a Kano ake ce mata taimakekeniya.

Kamfanonin HMO, wato na inshorar lafiya masu zaman kansu, fa?

Suna da tsarin mutum ɗaya, sai dai sun fi tsada, kuɗin haƙori a ciki yana da iyaka a shekara, asibitocinsu kuma yawanci cikin birni suke. Ga mutumin ƙauye ban ga ribarta ba gaskiya.

In babu kati kuma babu kuɗi sosai?

Asibitin gwamnati ya fi na kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai sashen haƙori a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, 'yan Jigawa kuma ga Rasheed Shekoni a Dutse. Don Allah in yaro ne ƙarami kuka ga dasashinsa na jini, baki na wari, kumatu ya fara kumburi musamman bayan ƙyanda, kar a kwana, yana iya zama cutar noma mai cinye fuska cikin kwanaki. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, akwai kuma asibitin noma a Sakkwato da ake aikin kyauta.