Waiwaye: Yadda Kundin Likitan Haƙori Ya Ware Daga Na Asibiti a Amurka

Kafin likita ya cire wa mutum haƙori, akwai abubuwan da dole ya sani. Idan majiyyacin na shan maganin tsinka jini irin su warfarin, jinin na iya ƙin tsayawa. Idan an taɓa ɗora shi kan magungunan ƙarfafa ƙashi da ake kira bisphosphonate, gurbin haƙorin na iya ƙin warkewa har ƙashin muƙamuƙi ya fara mutuwa, matsalar da likita Robert Marx na Miami ya ja hankali a kanta a 2003. Ga kuma wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin. Duk wannan na nan a kwamfutar asibiti, amma a ɗakunan likitocin haƙori da yawa a Amurka, takarda ake miƙa wa mutum ya cike da abin da ya tuna. Dattijon da ke shan ƙwayoyi kala-kala kuwa, iyakarsa ya ce "akwai wata 'yar fara da nake sha da safe."

Rabuwar ta samo asali tun 1840, lokacin da Horace Hayden da Chapin Harris suka buɗe kwalejin koyar da aikin haƙori ta farko a duniya a birnin Baltimore. Daga nan kowa ya kama gabansa: makaranta daban, lasisi daban, ƙungiya daban. Da aka kafa Medicare a 1965, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi, sai dokar ta cire kula da haƙori daga abin da za a biya.

A ganina nan gizo ke saƙar. Manhajar asibiti tun farko an gina ta ne don neman kuɗi daga kamfanin inshora. Likitan asibiti yana rubuta lambar cutar da ya gano kafin a biya shi. Shi kuwa likitan haƙori lambar aikin da ya yi yake turawa, ciko ne ko cirewa, ta wani tsarin lambobi na daban da ƙungiyarsu ta ƙasa ke kula da shi. Da kwamfuta ta zo, sai kowane ɓangare ya kwashe tsohon tsarinsa ya zuba a ciki. Manhajoji irin su Dentrix da Eaglesoft sun ƙware wajen zana taswirar haƙora 32 da lissafin kuɗi, amma ba a ƙera su don karanta sakamakon gwajin suga daga wani asibiti ba.

A shekarar 2000 babban likitan gwamnati, David Satcher, ya fitar da rahoto na farko kan lafiyar baki, inda ya jaddada cewa ba a raba ta da lafiyar jiki. Magana ta yi daɗi, kuɗi ne ba su biyo baya ba sai 2009, da Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar HITECH, wadda ta ware biliyoyin daloli don asibitoci su koma kundin kwamfuta. An sa likitocin haƙori a ciki, sai dai hanya mafi sauƙi gare su ita ce ta Medicaid, inshorar marasa ƙarfi, kuma sai kashi 30 cikin ɗari na majiyyatansu sun fito daga can. Masu ɗakunan kansu da yawa ba su cika wannan sharaɗi ba, jirgin ya tashi ya bar su.

Inda abin ya yi aiki, za ka tarar likitocin biyu uwar ɗakinsu ɗaya. Asibitin Marshfield da ke jihar Wisconsin ya haɗa kundin biyu wuri guda, haka HealthPartners a Minnesota, haka asibitocin tsofaffin sojoji. Likitan haƙori na buɗe fayil sai ya ga jerin magunguna da awon suga na ƙarshe. Idan ya ga dasashi ya kumbura yana zubar jini, ya rubuta, likitan ciwon suga ya gani. Kamfanin Epic, mai ƙera manhajar kundin asibiti, ma ya fito da sashen haƙori mai suna Wisdom, amma sai manyan cibiyoyi ke iya ɗaukar nauyinsa.

Ba kowa ne ke murna ba. Akwai masu tambayar me ya haɗa mai ciko da bayanan taɓin hankali ko na cuta mai karya garkuwar jiki, kuma tambayar tana bisa hanya.

Dokar 2016 da ta haramta toshe bayanan majiyyaci ta fara aiki a Afrilun 2021. Sannan daga 2023 Medicare ta fara biyan aikin haƙorin da ya zama tilas kafin dashen wani sashe na cikin jiki kamar ƙoda ko sauya bawul ɗin zuciya, da sharaɗin a nuna shaidar cewa likitocin biyu sun tuntuɓi juna.